Wata tara da na'urar auna hawan jini a kan teburina

Ranar da na fara ɗaura ta a dantsena, 158/97 ta nuna min. Na zauna ina kallon lambobin nan kamar wanda aka miƙa wa sammaci, cikina ya ɗuri ruwa. Na sake danna ta nan take, ta ce 161/99. Na kwance maɗaurin, na mayar da ita cikin kwalinta, na ce wa matata jabu aka sayar min.

Ashe ni ne ban iya ba. Sai da na ɗauki mako guda kafin in gane haka.

Shekarata 46, aikina na zaman ofis ne, kuma ban taɓa jin wani ciwo da zan ce na hawan jini ba ne. Ciwon baya ne ya kai ni asibiti, aka auna ni kamar yadda ake auna kowa, aka samu 150/95. Bayan mako uku na koma, aka sake samun kusan haka. Na zaci likita zai rubuta min magani, sai ya ce a'a, in nemi na'urar gida, irin wadda ake ɗaurawa a dantse, in auna safe da yamma na kwana bakwai, in rubuta komai a littafi in kawo masa. Ya ce akwai mutanen da ganin asibiti kaɗai ke tayar musu da jini, akwai kuma waɗanda a gaban likita jininsu lafiya lau yake, sai sun koma gida ya hau. Awo ɗaya ko biyu a ɗakinsa ba zai raba masa waɗannan ba. Na ce masa ni fa ba na jin komai. Ya ce ai yawancin masu shi ma haka suke cewa. Daga baya na ga rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023: masu hawan jini a duniya sun tashi daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba.

Wadda na saya ba ta cikin masu tsada, ba kuma ta cikin na ƙasa-ƙasa. Girmanta bai wuce ƙaramin littafi mai kauri ba. Fuskarta babba ce, lambobin manya, ko ba tabarau ina karanta su. Maɓalli ɗaya ne babba na farawa da tsayarwa, sai ƙanana biyu na duba awon baya. Tana cin batir huɗu, tana ajiye awon mutum biyu kowa da nasa gurbin, tana kuma aika sakamako zuwa waya ta Bluetooth. A cikin kwalin akwai maɗauri ɗaya da tiyonsa, da 'yar jaka, da takardar bayani mai rubutu ƙanana kamar tururuwa, wadda ban karanta ba. Wannan laifina ne na farko.

Makon farko na yi abin da na ɗauka shi aka ce in yi. Da safe, bayan na sha kofi, in zauna a bakin gado, in ɗaura maɗaurin a kan hannun riga, hannuna na reto a gefe, waya a ɗaya hannun ina karanta saƙonni. Wani lokaci ina amsa wa yara tambaya tana cikin busawa. Da na haɗa lissafin makon, matsakaicin ya tsaya a 152/94. Na kai wa likita littafin cikin sanyin jiki, na riga na sallama cewa magani ya kama ni. Da na shiga, littafin ma bai buɗe ba, ya ce ina na'urar. Allah ya sa na zo da ita a jaka. Ya ɗauki maɗaurin ya juya shi, ya dubi dantsena, ya sake duban maɗaurin. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ya buɗe aljihun teburinsa ya zaro tef irin na tela, ya zagaya tsakiyar dantsena, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu: santimita 37. Ya nuna min rubutun da ke jikin maɗaurin, 22 zuwa 32. Ya ce, "Malam, wannan ba naka ba ne."

A nan zan daɗe, don abin da masu sayarwa ba sa faɗa ke nan, kuma shi ne babban ƙorafina a kan wannan na'ura. A cikin maɗaurin akwai jakar iska. Ita ce ke matse jijiyar jini har jinin ya tsaya, sannan ta saki a hankali. Idan jakar ta yi wa hannu kaɗan, sai an ƙara mata iska fiye da kima kafin ta iya matse jijiyar, na'urar kuwa wannan ƙarin iskar za ta rubuta a matsayin jininka. Idan jakar ta yi wa hannu yawa, lambar ta faɗo ƙasa da gaskiya. Ba sabon sani ba ne. Likitan Italiya Scipione Riva-Rocci ne ya fito da maɗaurin dantse a 1896, nasa siriri ne, faɗinsa wajen santimita 5, kuma tun 1901 wani Bajamushe, von Recklinghausen, ya gano siririn maɗauri yana ƙara lamba, ya faɗaɗa shi zuwa santimita 12. Fiye da shekara ɗari da ashirin ke nan, amma har yau za ka sayi na'ura, girman maɗaurin na can an rubuta a gefen kwali da rubutun da sai ka kanne ido.

Masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun auna abin a 2023, a kan mutum 195. Wanda ya kamata a sa masa babban maɗauri aka sa masa matsakaici, lambar samansa, wato ta farko cikin lambobi biyun, ta ƙaru da kusan maki 5. Wanda hannunsa ke buƙatar mafi girma duka, ƙarin ya kai kusan maki 20. Maki ashirin! Da wannan kaɗai sai a ɗora wa lafiyayye magani, ko a ninka wa mai shan ƙwaya ɗaya.

Ni a rukunin farko nake, don haka maɗauri bai isa ya ɗauki laifin duka ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Likita ya ce in nuna masa yadda nake aunawa, na nuna, ya yi dariya har da kama baki. Ya zaunar da ni a kujera mai majingina, ya ce ƙafafu biyu a ƙasa ba harɗewa, a naɗe hannun riga ko a cire ta, bakin maɗaurin ya tsaya yatsa biyu sama da gwiwar hannu, hannun a ɗora kan tebur ta yadda maɗaurin zai yi daidai da ƙirji. Minti biyar a zaune shiru kafin a danna. Ba kofi, ba taba, ba motsa jiki na minti talatin kafin nan, kuma a fara zagawa a sauke fitsari. A auna sau biyu, a bar minti ɗaya a tsakani. Awon ranar farko a zubar da shi, a yi lissafi da sauran kwana shida. Batun hannu a kan tebur ma an auna shi: su dai mutanen Johns Hopkins ɗin sun nuna a 2024 cewa ɗora hannu a cinya yana ƙara lambar sama da kusan maki 4, sakinsa a gefe kuwa maki 6 da rabi. Abin da na kwana bakwai ina yi ke nan.

Samun babban maɗauri, mai 32 zuwa 42, ya ba ni wahalar da ban zata ba. Ba kowane ne ke shiga ba, bakin tiyon kowane kamfani da irin nasa, kuma ko ya shiga, ba a so a haɗa maɗaurin wani kamfani da na'urar wani, don lissafin cikinta da nata maɗaurin aka gina shi. Sai da na jira kwana goma kafin ya iso, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne idan aka kwatanta da na na'urar kanta. Da na sani tun farko, da na sayi irin waɗanda ke zuwa da maɗauri ɗaya mai ɗaukar 22 zuwa 42, in huta.

Mako na biyu, da maɗaurin da ya dace da zaman da ya dace, matsakaicina ya dawo 139/88. Na yi murna na je ina washe baki. Likita ya ce in rage murnar. A asibiti ana kiran hawan jini daga 140/90, amma awon gida iyakarsa 135/85 ce, don a gida mutum ya fi natsuwa. Wato ina da shi, ɗan kaɗan ne dai, ba irin wanda lambobin farko suka nuna ba. Muka yi wata uku ana rage gishiri da tafiyar ƙafa, ya sauka kaɗan bai kai ba, sannan ya ɗora ni a kan ƙwaya ɗaya ƙarama kowace safiya. Yanzu ina tsakanin 124 da 130 a sama, 78 zuwa 82 a ƙasa. Abin da nake gode wa na'urar shi ne, da aka zo yanke shawarar maganin, da awo fiye da ashirin aka yanke ta, ba da biyun da aka yi min ina cikin ciwon baya ba.

Shin daidai take aunawa? Iya abin da zan iya gwadawa, e. A wata ziyara ma'aikaciyar jinya ta auna ni da nasu na hannu, wanda ake busawa da ɗan balan-balan ana saurare da abin kunne, sannan da tawa, muna musayar su har sau uku. Bambancin bai wuce maki 4 ba. Su biyun ba hanya ɗaya suke bi ba. Na asibitin yana bin dabarar da likitan sojan Rasha Nikolai Korotkoff ya bayyana a 1905: idan ana sakin iska, inda aka fara jin bugu a jijiya shi ne lambar sama, inda bugun ya ɓace shi ne ta ƙasa. Tawa ba ta da kunne. Rawar da bugun jini ke sa iskar maɗauri take ji, ta nemo inda rawar ta fi ƙarfi, daga nan ta yi lissafin sama da ƙasa da wata ƙa'ida da kowane kamfani ke ɓoye tasa. Shi ya sa motsi kaɗan ko tari ke rikita ta, kuma shi ya sa kyan kwali ba ya nuna komai. Abin dubawa shi ne ko an gwada samfurin a kan mutane bisa ƙa'idar duniya, wadda ke neman aƙalla mutum 85, kuma matsakaicin kuskure kada ya wuce maki 5. Akwai jerin da ƙwararru ke kula da shi mai suna STRIDE BP, ana shigar da lambar samfuri a gani. Tawa tana ciki, amma sa'a ce kawai, bayan na saya na duba. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 2020 ya bi na'urori 972 da ake sayarwa ta intanet, ya samu waɗanda suka ci wannan gwaji cikin masu ɗaurin dantse ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba, na wuyan hannu sun fi haka lalacewa, masu kama da agogo kuwa ko ɗaya babu.

Manhajar waya ita ce aka fi tallatawa a jikin kwalin, kuma ita ce ba ta taka kara ta karya ba. Sai ka buɗe asusu da adireshin imel da ranar haihuwa kafin ta bar ka ka ga jininka na kanka. Haɗa ta da na'urar wani lokaci nan take, wani lokaci sai ka kashe ka kunna sau uku. Ta kuma zo da launuka: kore, rawaya, ja. Ma'aunin Amurka take bi, wanda tun 2017 ya sauko da iyakar zuwa 130/80, don haka ranar da na samu 131/81, likitana na cewa madalla, ita tana nuna min launin gargaɗi. Ba inda za ka canza wannan. Amfaninta ɗaya da na yarda da shi: tana fitar da awon wata guda a shafi ɗaya da za ka iya turawa. Amma likitana ya fi son littafin, don a gefen kowane awo ina rubuta abin da manhaja ba ta tambaya, kamar "ban yi barci ba" ko "na manta ƙwayar jiya". Bayan wata biyu na daina buɗe ta.

Sauran ƙananan abubuwa. Injin busawar yana da ƙara, da asuba kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani, har matata ta kore ni zuwa falo. Fuskar ba ta da haske, sai an kunna fitila. Batir huɗu sun kai ni wata biyar, wannan ba laifi. Jakar ba ta ɗaukar babban maɗaurin. Ɗan maɓallin da ke raba mutum na ɗaya da na biyu yana gefe inda ba a lura da shi, sau da yawa awon matata ya faɗa cikin nawa, ita kuwa jininta 110/70 ne, sai ka ga matsakaicina ya yi kyau na ƙarya. Ba kuma yadda za ka goge awo ɗaya, sai dai ka share duka.

Akwai wata illa da ba ta na'urar ba ce, amma tare da ita take shigowa gida, kuma ba wanda ya gargaɗe ni. A wata na biyu abin ya zame min ƙarfen ƙafa. In na ji kaina ya ɗan sara, in ɗaura. In na yi faɗa da wani a waya, in ɗaura in ga abin da ya yi min. Wata rana na ƙirga, sau goma sha ɗaya na auna, kuma kowane awo ya fi wanda ya gabace shi, don tsoron lambar da ta wuce shi ke tayar da ta gaba. Na kira likita da daddare, abin da nake jin kunyarsa har yanzu. Ya saurare ni ya gama, ya ce, "Malam, ba agogo ba ce da za ka riƙa dubawa. Jini yana hawa yana sauka duk yini, haka aka halicce shi." Ya yanke min kwana uku a mako, sai kuma cikakken mako ɗaya kafin kowace ziyara. Ya sa na rubuta a bangon littafin cewa idan ta nuna 180/120 ko sama, in huta minti biyar in sake, in ta tsaya a nan in neme shi a ranar. Idan kuwa akwai ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙewa, ko magana ta karye, ko wani ɓarin jiki ya yi nauyi, ko gani ya dushe, to ba sake awo, asibiti kai tsaye. Tun da na rubuta wannan hankalina ya kwanta, don na san inda layin yake, kuma ban taɓa kusantarsa ba.

Ƙaramin maɗaurin da na yi niyyar jefarwa ya samu mai shi. Mahaifiyata ta zo mana kwana goma, dantsenta siriri, santimita 25, ya zauna mata cif. Matsalar ita ce shirun minti biyar. Na ce, "Mama, don Allah ki ɗan yi shiru har ta gama." Ta ce, "Kai da na koya wa magana, yau kai ne za ka hana ni?" Sai da na bar ɗakin sannan aka samu awo mai kyau. Jininta bai yi wani hawa ba, amma sau uku cikin kwana huɗu wata 'yar alamar zuciya ta fito a kusurwar fuskar, wadda ban taɓa gani a nawa ba. Ranar ce na buɗe takardar bayanin nan. Alamar bugun da bai daidaita ba ce. Na'urar ba ta iya faɗin ko mene ne, kuma idan bugu ya rikice lambobinta ma ba abin dogaro ba ne sosai. Muka kai ta aka yi mata gwajin zuciya na wayoyi da ake mannawa a ƙirji, aka ce a dawo da ita bayan wata uku a sake dubawa, ana bibiyarta yanzu. Ban ce na'urar ta ceci ranta ba. Ta dai sa mun je, kuma da ba don ita ba da ba mu je ba.

Wa zan ce ya saya? Duk wanda aka taɓa ce masa jininsa ya hau, ko yake shan magani, ko iyayensa suna da shi. Mai juna biyu ta tambayi likitarta tukuna, don ba kowace na'ura aka gwada a kan masu ciki ba, haka ma yara. Wanda ya san shi mai yawan damuwa ne, ya sa wani ya riƙe masa ita a ɗaki daban. In da zan sake saye yau, tef zan fara nema in auna dantsena, sannan in duba lambar samfurin a jerin nan, sannan in ɗauki wadda ba ta da Bluetooth in rage kuɗi.

Abu ɗaya ne har yau ban yafe mata ba. Duk ranar da aka canza batir, kwanan wata da lokaci sai su goge, ta koma ranar ɗaya ga Janairun shekarar da aka ƙera ta, kuma gyarawa sai ka danne ƙaramin maɓalli kana ƙirga shekara, wata, rana, awa, minti, in ka zarce da ɗaya ka sake zagayowa. Karo na biyu da ta yi min haka ban gyara ba. A wurinta yanzu muna cikin watan Afrilu na wata shekara da ta wuce, ni kuma ina rubuta kwanan wata a littafina da biro.